Icce Mai Kunya

Gwaggona, yayar mahaifina, gida biyu ta raba itatuwan duniya: masu kunya da marasa kunya. Mara kunya shi ne wanda da ruwa ya ɗauke sai ya tuɓe ganyensa, ya tsaya tsirara a gaban jama'a har damina ta dawo. Kuka ce shugabarsu. Mai kunya kuwa, komai tsananin rani ba a ganin tsiraicinsa. Yana sauya tufa, amma a hankali, sabon ganye na fitowa tsoho na faɗuwa, ba wanda zai ce ga ranar da aka yi. A wannan gida ta sa kanya da mangwaro da lemo da lalle, da darbejiya wadda ita bedi take ce mata. Na taɓa tambayarta, to gawo fa, shi da yake tuɓewa da damina ya ci ado da rani? Ta ce wannan ba rashin kunya ba ne, gardama ce, kuma kowane gari da irinsa.

A Mawashi ta yi zaman aurenta duka. Da mijinta ya rasu ta fita takaba, sai babban ɗanta, wanda ke sayar da hatsi a Kankia, ya ce ba zai bar ta a ƙauye ba. Gwiwoyinta sun fara ciwo, ga hawan jini, kuma 'ya'yanta duka sun watse. Ya gina gida a bakin gari, ya ware mata ɗaki mai tayil da fanka da banɗaki a ciki. Ta zo, amma ba ta yarda ta ce ta taso ba. Ta hana a taɓa ɗakinta na Mawashi. Duk wanda ya yi mata barka da sabon wuri sai ta ce, “Na dai zo in ga gari.” Ɗan nata ba abin da yake so a duniya kamar ta zauna, kuma ba shi da hanyar da zai roƙe ta.

Dalili shi ne, ɗan fari ne, ita kuma ta mutanen da ce. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa, ba ta taɓa kama sunansa ba. “Wancan” take ce masa. Ba ta dubansa a ido, ba ta aikensa, ba ta yi masa faɗa. In magana ta kama tsakaninsu sai an sami na uku. Ni kuma a Katsina nake aiki, kusan duk ƙarshen mako nakan sauka Kankia in gaishe ta in kwana, saboda haka na zama bakin da suke magana da shi. Aikin ya zo mini daidai, domin shi taubashina ne, duk abin da na ga dama sai in ƙara a saƙon.

Lokacin da ta zo ana cikin shimfiɗa intalok, wato bulon daɓe, a tsakar gidan. Birkila ya rufe daga ƙofar zaure har bakin madafa, saura kusurwar gabas, wajen katangar baya wadda ba a gama ba, iyakarta ƙugu. A wannan kusurwa Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta. Ba ta ce a daina aiki ba. Ta dai zauna da carbinta tun safe, birkila ya zo ya gaishe ta, ya tsaya, ya zagaya, ya koma ya zauna a kan tulin bulo. Haka na same su ranar Asabar.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, “Ɗan nan, ka tambayi wancan, in aka rufe ƙasar duka, ruwan alwala ina za shi tahi?”

Taubashina na tsaye a bayana da waya a hannu. Ya ce, “Ka ce mata an yi makwarara, har waje.”

“Ruwan da aka yi bisimilla a kanshi, a tura shi kwata.”

Na juya na ce masa, “Ka ji, bawa. An ce ba ka da tarbiyya.”

“Ban ji an ce haka ba. Kai dai da ba ka da ko kangon akuya, ka zo kana raba gidan mutane.”

Hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce ƙasa taɓo ce da damina, ciyawa na kawo sauro da kunama, saiwar itace na fasa gini, kuma bai kawo uwarsa birni don ta ci gaba da duƙe ba. So yake ta huta. Ita kuwa hutun da ake nufi, wato a zauna a ɗaki ana kallon fanka, shi ne abin da take tsoro. A ƙarshe ya ce in gaya mata ya bar kusurwar zuwa faɗuwar ruwa na baɗi. In abin da ta dasa ya rayu, wurin nata ne. In bai rayu ba, ga bulo nan a tare, birkila zai ƙarasa. Ba da gatse ya faɗa ba. Ya tabbata ba abin da zai kama a wurin, domin ƙasar marmara ce, ga awakin unguwa, sai ya ga ya sami hanyar da ba zai ce wa uwarsa a'a ba.

Da ya fita, ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce mini, ba a matsayin saƙo ba, “In ƙasar ta karɓe su, ta karɓe ni. In ta ƙi su, ni ma ka maida ni inda ka ɗauko ni.” Ban isar masa da wannan ba sai daga baya.

Ashe da shirinta ta zo. A bayan ɗakinta, inda rana ba ta bugawa sosai, akwai ledojin fiya wata da ta yanke wa baki ta cika da ƙasa, kowace da tsironta. Tun a Mawashi ta rene su. Ba ta yi gaggawar dasawa ba, ta ce a bari marka ta kankama. Ni ta sa na haƙa ramukan da dagi, tana zaune tana nuna mini da sanda. Ba ta son rami mai zurfi kamar na shadda, faɗi take so, don saiwa ta sami inda za ta miƙe. Ƙasar sama ta sa na tara gefe guda, jar ta ƙasa gefe guda, ta sa aka zubar da tsakuwar. Ta aika Mawashi aka kawo mata buhun takin awaki na bara, wanda ya riga ya huce ya zama gari. Ta ce ɗanyen taki wuta ne. Ta gauraya shi da ƙasar sama, sannan ta bar ramukan a buɗe har ruwa ya sauka a cikinsu sau biyu.

Ranar dashe sai da la'asar ta yi sanyi ta fara. Ba ta zare tsiro daga leda. Reza take sawa ta tsaga ledar daga gefe, ta ɗauko shi da ƙasarsa a dunƙule a tafin hannu biyu, kamar mai ɗauko ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Ta kula ƙwarai kada ƙasa ta wuce inda ta tsaya masa a cikin leda, ta ce in aka rufe wa icce wuya ruɓewa yake. Ta danna da diddige irin na shukar gero, ta zagaye kowanne da ɗan gurbi da zai riƙe ruwa. Bedin ta kai shi nesa da kowane gini, ta ce in gaya wa wancan ya kwantar da hankalinsa. Lalle ta jera shi a bin gajeriyar katangar. Lemun tsami kusa da madafa. Mangwaro ta kudu. A tsakiya kuma, wurin da ya fi kowane kyau, ta dasa wanda ya fi kowane ƙanƙanta, ɗan tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba. Kanya ce. Ƙwallonta daga kanyar gonar mijinta ya fito, wadda a gindinta take sauke masa fura shekara da shekaru.

Taubashina ya leƙo ya gani, ya yi dariya. “Ka ce mata mangwaro dai na ji, amma kanya ai sai jikan jika.”

Ta ce, tana share hannu da gefen zane, “Ka ce mashi wadda ya sha ɗiyanta shina yaro, wanda ya bar ta a gonar bai san da zuwanshi ba.”

Damina ba ta ba su wahala ba. Aikin ya fara ne bayan kaka, da aka kwashe amfani aka saki dabbobi. Duk inda ka duba ƙasa ta yi fari, kara ya bushe, ba sauran kore a unguwar sai kusurwar Gwaggo. Gajeriyar katanga kuwa ba komai ba ce a wurin akuya. Wata safiya aka tashi an aske layin lalle daga wannan baki zuwa wancan. Taubashina ya fusata, ya ce ya san mai awakin, zai kai ƙara wurin mai unguwa. Ko da yake ba ya son garkar, ba ya son a taɓa abin uwarsa. Ita ce ta hana.

“Ka ce mashi ya zauna. Da damina ake ɗaure akuya. Da rani mai kore shi ka ɗaure abinshi. In ya kai ƙara, shi za a yi ma dariya.”

Sai ta ɗaure abinta. Ta sa aka saro mata ƙayar magarya aka jibga a bayan katangar. Ta nemi tsoffin gidajen sauro da suka yage, ta ɗinke, ta kafa sanduna ta lulluɓe kowane tsiro da nasa. In ka shigo gidan da sassafe sai ka ce 'yan yara ne suka kwana a waje. Lallen ma bai yi asara ba. Ta bi shi da wuƙa ta daidaita inda awaki suka yaga, ya fito da rassa fiye da na da. Ta ce akuyar ta yi mata rabin aiki, ladanta kuwa ta riga ta ci.

Abin da na fi sha'awa shi ne yadda take da ruwa. Unguwar ba famfo, daga rijiyar burtsatse 'yan garuwa ke kawowa a kura. Gwaggo ba ta taɓa cewa a ƙaro jarka ko ɗaya saboda itatuwanta ba. Kujerarta 'yar tsugunne take ɗauka da buta, ta yi alwalar asuba a gindin wannan, ta azahar a gindin wancan, haka take zagayawa. Ƙasarin da aka wanke gero da shi, da ruwan ɗaurayar shinkafa, surukarta ke tara mata a bokiti. Wanda sabulu ya taɓa kuwa ba ta yarda ya matso. Ba ta yayyafi a kan ganye, a gurbi take zubawa a hankali, ta jira ya nutse. Ta ce ruwa kaɗan-kaɗan kullum a sama yana koya wa saiwa lalaci, gara a ba icce ya ƙoshi, a bar shi ya nemi saura a ƙasa. Kowace safiya takan juya ganyen lemo ta duba bayansa, ta tsince tsutsa da hannu ta jefa wa kaji. Ba ta da hanzari, ga gwiwa, amma ban taɓa ganin ta tsallake wani ba.

Ana tsakiyar rani autarta da ke aure a Fakuwa ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma an sha wuya, dole Gwaggo ta je ta zauna da ita har arba'in. Kafin ta tafi ta zayyana mini abin da kowane icce ke bukata, na isar wa taubashina a gabanta, ya ce in ce mata ta tafi da kwanciyar hankali. A wannan tsakanin aiki ya riƙe ni, ban leƙa Kankia ba. Ya kuwa fara da gaskiyarsa. Sai injin rijiyar unguwar ya lalace, 'yan garuwa suka yi wuyar gani, ruwan sha ma sai an bi layi. Shi a ƙofar masallaci yake alwala. Matarsa ta ci gaba da zuba wa lemo abin da ya samu, tun da yana bakin madafarta. Sauran aka ce sai ruwa ya wadata.

Na kira shi a waya na tambayi garkar. Ya ce, “Lafiya lau. Sun dai zubar da ganye kamar kowane itace. Rani ne. Ruwa na sauka za ka ga sun tashi.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ɗan manomi ne, tun yana yaro idonsa ya saba ganin itace tsirara daga kaka zuwa bazara, kuma bai taɓa ganin wanda hakan ya kashe ba. Ganyen da ke zuba a gindin mangwaro bai ce masa komai ba.

Ni na ɗauko ta daga Fakuwa. Da muka shiga gida ba ta dubi kusurwar ba. Ta amsa sannu da zuwa, ta sha ruwa, ta ba jikoki tsarabarsu, ta yi sallar la'asar a ɗaki. Sannan ta ɗauki sandarta ta fito. Ta ɗaga gidajen sauron ɗaya bayan ɗaya. Lemo na nan da ransa. Bedi ya yi yaushi amma bai sallama ba. Lalle rabi ya bushe. Mangwaro ta kama kansa ta lanƙwasa, ya karye ƙaras. Kanya kuwa ta zama tsinke, ba ganye ko ɗaya. Gwaggo ta daɗe a tsugune a gabanta. Ta sa farce ta kankare ɓawon daga sama, fari ne busasshe. Ta sauko ƙasa kaɗan ta sake, haka. Sai can kusa da gindi, wajen kaurin yatsa biyu daga ƙasa, farcen ya tono ɗan kore mai danshi. Ta rufe wurin da yawu da ƙasa.

Taubashina ya shigo ya tsaya daga nesa. Ta ce, “Ka ce ma wancan an gode da tsaron gida.”

Ya ji abin da ke cikin maganar. Ya ce, “Ka ce mata rani ne. Ko kukar bayan kasuwa haka take yanzu.”

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa sanda. “Kuka in ta tuɓe, barci take. Mai kunya ba shi tuɓewa sai a hannun mai wanka.”

Ban maimaita masa ba, kuma ban ƙara komai ba. Ta wuce ɗaki. A daren nan na gaya masa abin da ta ce mini ranar da aka yanke sharaɗi, cewa in ƙasar ta ƙi su, komawa za ta yi. Da gari ya waye sai ga kura guda cike da jarkoki, daga wata unguwa ya sa aka turo ta. Ya tuɓe babbar riga ya ɗauki jarka zai juye wa kanyar. Gwaggo ta fito ta tare shi da sandarta.

“Ka tambaye shi, mai azumi da tuwo shika buɗe baki?”

Ta sa aka nemo mata ƙaramin tulu na ƙasa, irin mai tsattsafo. Ta sa na haƙa rami a gefen kanyar, nesa kaɗan don kada a taɓa saiwa, muka binne shi har wuya. Ta cika shi da ruwa ta rufe da tsohon murfin kwano. Ta ce tulun zai riƙa ba ta da kaɗan-kaɗan dare da rana, daidai abin da mara lafiya ke iya haɗiya. Ta yanke busasshen saman har zuwa inda ta ga kore. Ta kafa guntun zana ta yamma, ya tare mata ranar la'asar. Ta baza ƙaiƙayi a gurbin don ƙasa ta riƙe sanyi, amma ta bar tazara tsakaninsa da jikin iccen, ta zagaye da toka saboda gara. Sauran ruwan kurar aka raba wa bedi da lalle da lemo. Mangwaron ta tumɓuke shi da kanta, ta duba saiwar, ta ajiye a murhu. Ba ta ƙara maganarsa ba.

Daga nan sai jira. Bazara ta shigo da zafinta, irin wanda ko kaji sai sun buɗe baki. Duk Asabar in na zo, kanyar na nan yadda na bar ta, guntun tsinke a tsakiyar toka. Ana haka sai ga ƙanin mijinta daga Mawashi. Ɗansa zai yi aure kafin a shiga aikin gona, gidan ya cika, ya zo ya ji ko za ta ba da aron ɗakinta a sa amarya. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Ta ce masa a dakata tukuna, ba ta san inda damina za ta same ta ba. Taubashina na zaure yana ji. Da baƙon ya tafi na same shi zaune ya zuba tagumi. Na ce, “Bawa, ko hatsi ya faɗi ne?” Ya ce in rabu da shi.

Wata Asabar ina zaune da ita sai ta ce, tana kallon wani wuri, “Tulun nan nawa aljanu sun shige shi. Kullum na fito da asuba cike nike iske shi.”

Na ce, “To, Gwaggo, ko a nemo malami?”

“A'a, bar su. Ba masu cuta ba ne. Sai dai ba su iya maida murfi daidai ba.”

Na isar wa taubashina da wannan saƙo, ko da yake ba a aike ni ba. Daga ranar murfin ya daidaita.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ran nan da hantsi ina wurin aiki sai ga wayar taubashina. Muryarsa a ƙasa. Ya ce in na sami hali in zo yau, kada in jira Asabar. Birkila ya zo da kansa da lebura, tun da an ce masa kafin ruwa, suna ƙofar gida. Kanyar kuma, in ji shi, ta ƙarasa mutuwa. Wani abu ja-ja ya fito mata a jiki kamar ƙuna, ya ga alama zafin ne ya dafa ta, ko kuma ruwan da ake zubawa ne ya yi yawa. Bai san yadda za a gaya wa tsohuwa ba.

Na iso bayan azahar. Birkila na zaune a inuwar zaure yana jira a ce ya fara. Muka wuce kusurwar, taubashina ya ɗaga gidan sauron. A jikin tsinken, ƙasa da inda aka yanke, wasu 'yan ganyaye ne suka ɓullo, ƙanana kamar kunnen ɓera, jajaye masu sheƙi, har suna ɗaukar ido. Ni ma ban san abin da nake gani ba. Muna tsugune sai muka ji ƙarar sandarta a kan intalok.

Ya miƙe ya ja da baya. Ya ce, “Ka ba ta haƙuri. Ka ce mata an yi iya ƙoƙari. In tana so, a je gandun gwamnati a sayo mata manya waɗanda suka riga suka kama, ko nawa ne.”

Ta dubi kanyar, ba da mamaki ba. Na gane ta riga mu gani da kwanaki, ta yi shiru ne don kada baki ya kama abin. Ta ce, “Mi ya ce ya same ta?”

“Ya ce ta ƙone, Gwaggo. Wai ga shi ta yi ja.”

“Toho ne. Haka kanya ka fito da sabon ganye, sai ya kwana biyu shi yi kore.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ka ce mashi shi ma ranar da ya zo duniya haka yake, ja wur, ana ta cewa ba za shi yi rai ba.”

Tana faɗa ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta juya mana baya, ta shiga gyara zanan da ba abin da ya same shi. Tun da nake ban taɓa jin ta ambaci cewa ita ta haife shi ba, ko da wasa. Na dubi taubashina. Mutum ne mai jiki, mai furfura a gemu, wanda ke tsawata wa 'yan dako a kasuwa. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a hannu. Wannan karon ban tsokane shi ba.

Birkila ya gaji da jira ya leƙo. Da ya ji yadda ake ciki sai ya kawo shawara irin ta masu sana'a: a shimfiɗa intalok ɗin, a bar wa kowane itace rami kamar faɗin faifai, kowa ya samu. Gwaggo da kanta ta amsa masa, tun da shi ba ɗanta ba ne.

“Malam, kai ɗakinka daidai ƙafarka aka gina maka?”

Ya yi dariya ya ce a'a, Hajiya. Ta taka da sandarta ta ja layi a ƙasa, daga bakin madafa ta zagayo har katangar baya. Layin ya bi daidai inda aikinsa ya tsaya tun bara, bai ba shi ko taki ɗaya ba. Birkila ya dubi mai gida. Mai gida ya ce a kwashe bulon a kai ƙofar gida a shimfiɗa a can, wanda ya rage kuma a ɗaga katangar baya da shi, a bar ƙofar da za a riƙa shigo da taki.

Suka fara kwasa. Gwaggo ta jawo kujerarta ta zauna kusa da kanyar, ta buɗe tulun ta leƙa, ta mayar da murfi. Ta ce a kawo mata buta, la'asar ta gabato. Sai da ta nannaɗe hannun riga sannan ta kira ni.

“Ɗan nan, ka ce ma wancan, in shina da mai zuwa Mawashi ranar kasuwa, a gaya masu su sa amarya a ɗakin. Ba aro ba. Gadon da randar a kawo mani nan.”

Taubashina na tsaye kusa da ita, da bulo a hannu yana taya lebura, inuwarsa ma a kan tabarmarta take. Ya juyo wajena.

“Ka ce mata na ji.”